A Gwada Kafin A Shimfiɗa

Duk lokacin da aka buɗe sabon layin dogo, hankalin jama'a yakan tafi ne ga tsawonsa da gudun jirginsa. Haka aka yi a 2016 da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, haka kuma a 2021 da na Legas zuwa Ibadan. Amma masana sufuri sun daɗe da sanin cewa taragon kaya yakan ɓata lokaci mai yawa a tsaye cikin filin shantin, wato wurin da ake kwance taragu, a rarraba su bisa ga inda za su, sa'an nan a sāke haɗa su.

Abin da ya faru a Amurka ya isa darasi. A 1996 kamfanin Union Pacific ya haɗe da Southern Pacific. A 1997 cunkoso ya tashi a filayen shantin na birnin Houston, jiragen da suka rasa wurin shiga suka tsaya a kan babban layi, suka tare na bayansu, har al'amarin ya bazu zuwa jihohi masu yawa, kaya suka yi makonni ba su isa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Dalilin irin wannan abu a fili yake. Jirage ba sa isowa daidai da lokacin da aka rubuta. Filin da ke aiki dab da iyakar ƙarfinsa kuwa ba shi da sararin shanye jinkiri, saboda haka latti kaɗan yakan haifi dogon jira.

A nan ne gwajin kwaikwayo a kwamfuta yake da amfani. Ana zana filin a cikin na'ura: yawan layuka da tsawonsu, wuraren sauya hanya, kawunan jirgi masu shantin, da lokutan isowa tare da lattin da aka saba gani. Sai a bar na'urar ta tafiyar da aikin shekara guda cikin 'yan mintoci, ta nuna inda jira yake somawa. Ana iya ƙara layi, ko a canja hanyar wani jirgi, a ga sakamako tun ba a kashe ko kwabo ba. Sai dai fa gwajin ba ya fin alƙaluman da aka ba shi inganci. Idan ma'aikata ba su rubuta lokacin shiga da fitar kowane tarago da gaskiya ba, amsar ma ƙarya za ta zama.

Nijeriya tana da bukatar wannan ilmi ƙwarai. Tsohon layi mai faɗin milimita 1,067 da sabo mai 1,435 ba sa karɓar taragun juna, duk inda suka haɗu kuwa dole a yi lissafi. Ga tashoshin kaya na tudu a Kaduna da Kano da Funtua, ga layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021.

Saboda haka wajibi ne Hukumar Jiragen Ƙasa ta sa gwajin kwaikwayo ya zama sharaɗi kafin a amince da tsarin kowane fili. Ya kamata kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya da Jami'ar Sufuri ta Daura su horar da ɗalibai a kan wannan fanni, a kuma ba su alƙaluman aiki na gaskiya su yi nazari. Gyaran zane a kwamfuta ya fi tone ƙarfen da aka riga aka shimfiɗa araha nesa ba kusa ba.