Waiwaye: Kunamar Birnin New York

A shekarar 1982 ne sojojin Ostiriya suka karɓi fistol ɗin da Gaston Glock ya ƙera. Kafin a yi nisa bindigar ta haye teku ta cika ɗamarar 'yan sandan Amurka, kuma a bayanta wata babbar kasuwa ta tashi, ta masu sayar da kayan sauyi: wannan na tallar sabuwar kunama, wancan madubin saiti, wani fitila ko mariƙi. Duk shekara suna baje hajarsu a bikin SHOT Show a Las Vegas.

Sai dai sauyin da ya fi tsaya mini a rai ba daga 'yan kasuwa ya fito ba. Hukuma ce ta yi shi da hannunta. A farkon shekarun 1990 'yan sandan birnin New York suka fara ajiye libarba suna ɗaukar fistol mai ɗura kanta. Shugabanni suka ji tsoro, domin yatsun jami'ansu sun saba da kunamar libarba mai tauri, ita kuwa ta Glock nauyin kilo 2.5 kacal take bukata ta tashi. Sai aka sa mata sifirin mai ƙarfi, har sai an ja da nauyin da ya haura kilo 5. Niyyar mai kyau ce: kada bindiga ta tashi a hannun wanda ya firgita.

To amma bindigar kanta, ko da cike take da harsashi, ba ta kai kilo ɗaya ba. Idan yatsa ɗaya zai ja ninki biyar na nauyin abin da hannu ke riƙe da shi, dole bakin bindiga ya karkace kafin harsashi ya fita, balle ga wanda ba ya zuwa filin atisaye sai jefi-jefi. Ranar 24 ga Agusta 2012, a gindin benen Empire State, jami'ai biyu suka yi harbi 16 kan wani ɗan bindiga. Sun kashe shi, amma masu wucewa tara sun jikkata da harsasan 'yan sandan ko ɓarɓashinsu. Masana da dama sun ɗora wani kaso na laifin a kan taurin kunamar. Sai a 2021 rundunar ta fara bai wa sabbin kurata kunama mai sauƙi, bayan gwaji ya nuna sun fi samun saiti da ita. Kusan shekara talatin ana gyaran gangar Auzinawa.

Masu bindiga na kashin kansu kuma ta ɗaya gefen suke faɗawa. Mutum ya ga zakarun gasar harbi da kunama mai laushi, sai ya sa wa bindigar tsaron gidansa irinta, ya manta cewa Glock na da makarai uku a cikinta, kuma kayan da ba su zauna daidai ba na iya raunana wanda ke hana ta tashi idan ta faɗi ƙasa.

Kayan da na ga sun cancanci kuɗinsu ba su da yawa, kuma ba sa taɓa cikin bindiga. Saitin dare mai sinadarin tiritiyam yana taimako a duhu, ko da yake haskensa na raguwa da rabi cikin kimanin shekara 12. Madubi mai jan ɗigo na ceton wanda idonsa ya fara rauni. Kube mai rufe kunama ruf ya fi su duka muhimmanci, amma shi ne ba a yi masa talla. Ragowar kuɗin gara su tafi ga harsashin atisaye da malamin da ya san aikinsa.

Duk wannan zancen Amurka ne. A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, ba mai riƙe su sai da lasisi daga Shugaban Ƙasa.