Fentin feshi na sabunta falo, amma ban da kwanon abinci

Da zarar Sallah ko biki ya ƙarato, mata da yawa kan shiga damuwar sauya kayan ƙawata ɗaki. A wannan tsadar rayuwa, zubar da firam ɗin madubi ko tukunyar fulawa don kawai launinsu ya koɗe ɓarna ce. Gwangwanin fentin feshi ɗaya mai mililita 400 zai farfaɗo da ƙananan kaya da dama, kuma babu abin kunya a ciki.

Gaggawa ce ke ɓata aikin. A wanke kayan su bushe, a goge tsatsa da sanfefa, a girgiza gwangwanin kamar minti 2, sannan a fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30. Feshi kaɗan-kaɗan sau uku ya fi labtawa sau ɗaya, wadda ke tsiyaya ta bar tabo. Ranar da hunturu ya taso da ƙura kuwa, a haƙura.

Inda ake kuskure shi ne fesa ruwan gwal a kwanon abinci, faranti ko kayan wasan yara. Wasu fentin na ɗauke da dalma, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko kaɗan ɗinta na cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Iskar da ke cikin gwangwanin ma tana kama wuta, don haka a yi aikin a tsakar gida, nesa da murhu da tukunyar gas, da takunkumi a hanci, yara kuma suna ɗaki.