Littafin Fasaha Ba Ya Jiran Mai Shi

A shekarar 1962 kamfanin ɗab'i na Addison-Wesley ya nemi Donald Knuth, wanda a lokacin ɗalibi ne a Amurka, ya rubuta littafi guda a kan manhajar kwamfuta. Aikin ya faɗaɗa har ya zama The Art of Computer Programming. Juzu'i na farko ya fito a 1968, na uku a 1973, duk yana koyarwa. Kashin farko na juzu'i na huɗu kuwa sai a 2011, bayan ya daina amfani da imel a 1990, ya kuma yi ritaya daga Jami'ar Stanford da wuri domin rubutun.

Masu ba ma'aikaci shawarar ya riƙa rubuta shafi biyu da asuba kafin ya tafi ofis sun ɗauka ƙarancin sa'o'i ne kaɗai matsalar. A ganina ta wuce nan. Marubucin ƙagaggen labari zai iya ajiye aikinsa shekara biyar, ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Mai littafin fasaha kuwa, kafin ya kammala babi na takwas, abin da ya faɗa a babi na biyu ya tsufa. Kowane lissafi kuma sai an gwada shi, abin da ba ya yiwuwa a gajiye bayan isha'i.

Saboda haka likita ko injiniyan da ke riƙe da aikin albashi ya rage buri. Ya zaɓi ƙaramin maudu'i guda wanda aikinsa na kullum ke koya masa, ya kuma nemi hutun wata biyu ko uku a jere tun kafin ya sa hannu a yarjejeniya da maɗaba'a.