Asusun Da Muka Bari A Gida

Mu mutanen Roni mun iya shirin tafiya. Idan ɗayanmu zai fita nema, ko Saudiyya ce, ko Libiya ta hanyar Agadas, ko karatu a Masar, zai ba ƙanensa amanar gona, ya kai akuyoyi gidan gwaggo, ya bar wa uwargida hatsin da zai kai ta kaka. Abu ɗaya ne ba ma yi wa tanadi: asusun banki, da katin cirar kuɗi, da layin wayar da ke haɗe da su. Muna ɗauka cewa tunda kuɗin na banki, yadda muka bar su haka za mu dawo mu tarar.

Akwai wani ɗan uwanmu daga wajen Amaryawa da ya yi shekara uku a waje. Da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya so a ciro abin da ya bari a asusunsa a kai ta asibiti a Kano. Ƙanensa ya je wajen mai POS, katin ya ƙi, ashe wa'adinsa ya ƙare. Shi kuma daga can ya gwada ta manhajar waya, aka ce an tura lambar tabbatarwa zuwa layinsa, layin da ya daɗe da mutuwa a cikin aljihun tsohuwar riga. Kuɗinsa na nan, ko kwabo bai yi ciwon kai ba, amma sai da aka ci bashi a unguwa kafin a ɗauki tsohuwar.

Babu wanda ya cuce shi. Ƙa'ida ce ta yi aikinta. A tsarin Babban Bankin Najeriya, asusun da ya yi wata shida ba a saka ba, ba a cira ba, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya daina motsi. Idan ya kai shekara, sai a sa shi a jerin asusun da suka kwanta, a rufe cirar kuɗi har sai mai shi ya tabbatar da kansa. 'Yan kuɗin da banki ke yanka na hidima ba a lissafa su a motsi. A ƙa'idar da aka sabunta a 2024 kuma, kuɗin da suka shekara goma a kwance ana mayar da su wani asusun amana a Babban Bankin, inda mai su ko magadansa za su iya nema, amma da takardu da zirga-zirga. Ga kuma umarnin Disambar 2023 na haɗa asusu da lambar BVN da ta NIN, wanda ya riski mutane da yawa suna bayan sahara ba su ma ji labari ba.

A Ingila ko Amurka, damuwar matafiyi ita ce katin bashi, wanda banki kan iya rufewa idan an daɗe ba a taɓa shi ba. Mu namu ya fi ciwo, domin ba bashi ba ne, guminmu ne.

Dabarar da muka fi yi ita ce a miƙa wa ƙane ko aboki katin, a raɗa masa lambar sirri, a ce ya riƙa taɓawa. A ganinmu wannan ba magani ba ne. Mun san za a ce ai ɗan uwa ne, kuma zumunci ya fi kuɗi. To daidai saboda zumuncin ne muke ƙin wannan dabara. Wanda aka bar wa kati zai ga buƙatar gida kullum: takin damina, kuɗin makaranta, gudummawar biki. Zai cira da niyyar mayarwa, ba tare da rubutu ba. Ranar da mai kuɗi ya dawo, kunya ta hana shi tambaya, zargi kuma ya zauna a zuci. Gidaje nawa muka sani da 'yan ɗaki ɗaya suka daina cin tuwo tare a kan lissafin da babu wanda ya rubuta? Banki kuma ba ruwansa, tunda kai ka ba da lambar da hannunka.

Abin da ya fi shi ne mai asusu ya riƙe igiyar da kansa. Kafin tafiya, a shiga mota zuwa Kazaure ko Kano, a zauna da ma'aikacin banki, a tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a BVN da NIN, a duba ranar da ke jikin katin, a sa adireshin imel a asusun, a rubuta magaji. A buɗe manhajar banki a wayar da za a tafi da ita, a gwada ta tun ana gida. Bayan an isa, duk wata biyu ko uku a tura wa iyali ko da naira dubu ce daga wannan asusun. Wannan kaɗai ya isa ya hana shi kwanciya.

Layin waya kuwa shi ne ainihin mabuɗin. Layin da ya yi kusan wata shida ba kira, ba saƙo, ba data, kamfani na iya rufe shi, daga baya kuma a sayar wa wani lambar. Daga ranar, baƙo ne zai riƙa karɓar saƙon kuɗinka. Don haka a tafi da layin, a riƙa sa masa kati ana amfani da shi lokaci zuwa lokaci. Hidimar gida kuma a buɗe mata asusu daban da sunan uwargida ko ƙane, a riƙa tura abin da aka yanke. Kowa ya san nasa, babu mai zargin wani.

Wanda nasa ya riga ya kwanta, kada ya fid da rai. Farfaɗo da shi kyauta ne a ƙa'ida, kuma tun Mayun 2025 akwai hanyar da 'yan Najeriya mazauna waje za su yi rajistar BVN ta intanet ba sai sun dawo ba. Sai dai bankuna ma da sauran aiki a gabansu, domin saƙon gargaɗin da aka tura da Turanci zuwa layin da ya mutu bai isa ga kowa ba.

Da yawanmu a wannan zaure ta asusu masu karatu ke biyan mu kuɗin littafi, wasunmu kuma na shirin fita karatu. Mu duba namu tun yau, mu kuma tuna wa na waje idan sun kira. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo mana da su lafiya.