Daga kaset zuwa WhatsApp: abin da ya sauya wa 'yan cirani a Abijan

Dattawan Tawa da suka daɗe a Abijan, in hira ta kai su zamanin Houphouët-Boigny, maganar takardu suke fara yi: ba a neman katin zama wurin baƙo sai farkon shekarun 1990, rikicin 2002 kuma ya tsananta bincike a shingaye.

Amma babban sauyin a aljihu yake. A da, ɗan cirani kan naɗi muryarsa a kaset ya ba ɗan garinsu mai komawa, amsa ta yi wata ba ta iso ba. Nisan nan ne ya ba shi damar tara jari, ya dawo gab da damina da rediyo, atamfa da kuɗin aure.

Yau WhatsApp ya shigo da gida har ɗakinsa a Adjamé, Nita da Amana kuma na isar da kuɗi a yini guda. Suna, magani, buhun hatsi, duk kira ɗaya ne. Iyali sun samu sauƙi, ba shakka, musamman in rumbu ya ƙare kafin kaka. Sai dai mai tura jika biyar kowane mako da wuya ya tara na buɗe shago, shi ya sa wasu matasan ke shekaru ba su leƙo gida ba.