Harshen Majinyaci: Darasin da Ɗalibin Kiwon Lafiya ke Tsinta a Asibitin Karkara

A kowace shekara makarantun kiwon lafiya na Jihar Kano, irin su Makarantar Koyon Aikin Ungozoma ta Ɗambatta, kan tura ɗalibansu asibitoci domin sanin makamar aiki. Daga cikinsu akwai waɗanda kan sami kansu a ƙananan asibitocin arewacin jihar, a yankunan Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir. Wannan ɓangare ne na karkarar da Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960, inda gona ke manne da gona, jama'a kuma suka yi yawa. A nan ɗalibi kan yanki kati, ya auna nauyin yaro, ya gwada hawan jini, ya cika rajistar rigakafi. Duk waɗannan ana duba su, a ba shi maki. Akwai kuma darasin da yake koya kullum ba tare da kowa ya duba ba, wato fahimtar Hausar da majinyaci ke bayyana ciwonsa da ita. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ya kamata darasin ya shiga tsarin horon, kuma sassan nazarin Hausa na da hakki a wuyansu game da shi.

Tushen matsalar a bayyane yake. Da Ingilishi ake koyar da ɗalibi, da Ingilishi aka rubuta littafin ƙa'idojin da jami'in lafiya na matakin farko ke bi, amma da Hausa ake kawo masa kuka. Kasancewarsa Bahaushe ba ta raba shi da wahalar ba, domin kalmomin cuta na Hausa ba su yi daidai wa daida da na likitanci ba. "Shawara" na iya zama ciwon hanta, ko shawarar jarirai, ko cutar da sauro ke yaɗawa. "Basir" a bakin jama'a ya zarce kumburin jijiyoyin dubura, yakan haɗa da kashin jini da ƙugin ciki da raunin mazakuta. Idan matar aure ta ce "sanyi" ke damunta, sau da yawa ciwon al'aura take nufi, kunya ce ta hana ta faɗa kai tsaye. Ɗalibin da ya fassara irin wannan kalma da kalmar Ingilishi guda ya rubuta a kati, ya ɓatar da wanda zai duba majinyacin bayansa. Gane "jijjiga" a bakin dangin mai ciki kuwa, da sanin cewa ba ta jira, na iya zama silar tsirar uwa da abin da ke cikinta.

Haka abin yake wajen ba da umarni. "Sau uku a rana" magana ce da manomi zai iya cikawa da safe da hantsi da azahar, ya ɗauka ya bi doka. Ɗalibin da ya zauna kusa da gogaggiyar ma'aikaciya zai ji tana cewa, "Baba, ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan Azahar, ɗaya idan za ka kwanta." Zai kuma lura cewa ba a matsa wa uwa ta ambaci sunan ɗan farinta, ana tambayar 'yar rakiya. Shekarun yaro ma da damina ake ƙirga su, ko da Sallar da aka haife shi.

Tarihi ya nuna tsadar rashin fahimtar juna. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tambaya a kan ko iyayen yaran sun san abin da aka ce sun amince da shi. Zargin da ya biyo baya na daga cikin abubuwan da suka share fagen dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Amana tsakanin asibiti da jama'a a bakin teburin kati take farawa, wurin da galibi ake zaunar da ɗalibi.

Manazarta ba su yi sakaci da magungunan Hausawa ba. Murray Last da Lewis Wall sun yi bincike a ƙasar Malumfashi, littafin Wall ya fito a 1988, Aliyu Muhammad Bunza kuma ya yi rubuce-rubuce masu yawa a fannin. Sai dai hankali ya fi karkata ga boka da wanzami da malamin tsibbu. Hausar da ake yi a ɗakin awo da layin karɓar magani, mai cike da aro irin su "taifod" da "olsa", ta cancanci irin wannan kulawa. Ɗaliban da ke sanin makamar aiki su ne suka fi kowa kusa da ita.

Abin da ake bukata ba shi da tsada. A ware shafi a littafin horon ɗalibi, inda zai rubuta kalmar da majinyaci ya faɗa, da abin da gwaji ya tabbatar daga baya. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana da ƙwarewar da za ta tace waɗannan kalmomi ta mayar da su ƙaramin ƙamus na asibiti, a komar da shi makarantun da suka tattaro su.

Za a iya cewa hakan zai taɓa sirrin majinyaci. Wannan damuwa ce ta gaskiya, maganinta kuwa shi ne a rubuta kalma da ƙaramar hukuma kawai, ban da suna da ƙauye, kuma da izinin shugaban asibitin. Wasu za su ce rubuta "daji" ko "iska" tamkar gaskata camfi ne. Rubuta kalma bai zama yarda da bayanin da ke bayanta ba. Ma'aikacin da ya san abin da uwa ke nufi da "iska" shi ne zai iya shawo kanta ta bari a yi wa yaronta gwajin zazzaɓin cizon sauro.

Hausawa na cewa zuwa da kai ya fi saƙo. Ɗaliban nan sun riga sun je, suna kuma jin abin da mai bincike zai shekara bai ji ba. Ya rage ga sassan Hausa na jami'o'i su zauna da shugabannin makarantun kiwon lafiya, su tsara wannan shafi kafin a tura rukuni na gaba.