Haɗin Magani Da Zafin Bazara

Duk wanda ya san kasuwannin Kwanar Ɗangora da Tudun Wada ya san abin da ake kira haɗi. Mutum ya tsaya gaban mai kemis ya ce jikinsa na ciwo, sai a zubo masa ƙwayoyi huɗu ko biyar cikin leda, ba suna, ba takarda. Yawancin masu sayen kuwa manoman rani ne da 'yan ƙwadago, waɗanda ke wuni a fadamun da ruwan Tiga da na Bagauda suke shayarwa, a watannin Maris da Afrilu da zafi kan kai digiri 40.

Akwai abin da ɓeraye da zomaye suka daɗe da koya wa masana game da wannan. Tun 1946 wani masani a Ingila mai suna Chance ya gano cewa ƙwayar amfetamin ta fi kashe ɓeraye idan an cunkusa su a keji guda fiye da idan kowane yana shi kaɗai, daga bisani kuma aka tabbatar cewa zafi na da babban hannu a ciki. Maganin kulofuromazin shi kuwa kwance wa ƙwaƙwalwa linzami yake yi, jikin dabba ya koma bin ɗaki: in da sanyi ya sandare, in da zafi ya ɗauki zafi. A shekarun 1960 aka ba zomaye wani maganin ciwon damuwa, sannan aka bi su da allurar fetidin, sai zafin jikinsu ya yi ta hauhawa har suka mutu. Irin wannan haɗi ne ya kashe wata yarinya mai shekara 18 a wani asibiti a Amurka cikin 1984.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin nesa ne. Tiramadol da matasanmu suke sha don su jure noma yana taɓa sinadarin ƙwaƙwalwa ɗaya da fetidin ke taɓawa. Wasu magungunan mura da na murɗar ciki kuma suna rage gumi, alhali gumi shi ne hanyar da ɗan Adam ya fi dogara da ita wajen fitar da zafi. Idan aka tara waɗannan a cikin mutum guda, ga rana a tsakar ka, sai ya yanke jiki ya faɗi, a ce zazzaɓi ne ko iska, a ƙara masa farasitamol, wanda ba ya sauke zafin bugun rana.

Gaskiya ne ɓera ba mutum ba ne. Ta wutsiya da shafa yawu yake huce jikinsa. Amma inda gizo ke saƙa shi ne, akasarin irin waɗannan gwaje-gwaje a ɗaki mai sanyin digiri 22 ake yin su, sanyin da manomin Bebeji ba ya ganinsa da tsakar ranar bazara.

Saboda haka muna ganin ya kamata sassan nazarin magunguna na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su aiki ɗalibansu kasuwannin nan, su sayo haɗin kamar yadda talaka ke sayensa, a tantance abin da ke ciki, a gwada shi a zafin da ake shansa. Sakamakon kuma a miƙa wa hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano, a fassara shi da Hausa, a karanta wa manoma a rediyo kafin bazara ta shigo.